Na ɗaya a tebur, kofi a hannun wani: amsata ga masu shirya gasar yaranmu

Wannan rubutun yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Tun ranar Juma'a da na shigo Ketare ake tare ni da maganar gasar ƙwallon matasanmu. Ga wanda bai sani ba: an gama zagayen farko, kowa ya buga da kowa, ƙungiya ɗaya ta ƙare a saman tebur da rata mai kyau. Takardar da aka sa wa hannu tun kafin a take leda ta ce huɗun farko za su sake karawa, wanda ya ci shi ke da kofi. Yanzu waɗanda ke saman tebur sun ce a'a, su a ba su kofinsu, ai sun riga sun nuna wa kowa. Masu shiryawa suka ce in faɗi ra'ayina tunda ni na taimaka wajen rubuta takardar. Matsalar ita ce mai tsaron gidan waccan ƙungiya ta ɗaya ɗan yayana ne, a ɗakina ya tashi. Jiya da dare ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ma ka san mu muka fi kowa." Na ce masa na sani, amma ya bari in rubuta, ya karanta tare da kowa.

Bari in fara da abin da ya fi yi mini ciwo. Mu da muke 'yan shekara goma sha a tsakiyar shekarun 1990 ba za mu manta da Katsina United ta wancan lokacin ba. Sau uku a jere ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale: 1995, 1996 da 1997. Sau ukun nan duka ta dawo hannu rabbana. Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta a na farko, Julius Berger a na biyu, BCC Lions ta Gboko a na uku. A rediyo muka ji su, mun kewaye akwatin wani mai shayi, kowa ya kasa kunne kamar ana karanta sakamakon jarrabawa. Ƙungiyar da za ta kai ƙarshe shekara uku a jere a gasar da duk ƙasa ke bugawa ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Amma je ka duba jerin waɗanda suka ɗauki kofin, babu sunanta. Tun daga nan na san cewa iya ƙwallo daban, cin wasa guda ɗaya da komai ya rataya a kansa daban.

Shi wannan tsari na a gama tebur sannan a sake zama, ba yau aka fara shi a Najeriya ba. A 1999 Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, wadda yanzu ake kira Heartland, ita ta ƙare a saman tebur. Aka ce manyan huɗu su sake karawa, Lobi Stars ta Makurdi ta ɗauke kambun. Wato a shekarar farko da aka gwada abin, na ɗaya ne ya fara kuka. Daga baya aka riƙa yi ana bari, wata shekarar tebur kaɗai, wata shekarar a raba rukuni biyu a ƙare da Super Four.

Wanda yawancinmu za mu fi tunawa shi ne na 2019. Kakar da ta gabata, ta 2018, an tsayar da ita bayan wasa 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallo, ba a fitar da kowa zuwa ƙaramar gasa ba, ga kuma sababbi sun hauro, sai ƙungiyoyi suka zama 24. Aka raba su gida biyu, sha biyu-sha biyu, aka ce ukun farko na kowane rukuni su haɗu a Legas, filin wasa na Agege, su buga Super Six a watan Yuni. Rangers ta Enugu ce ta ja rukunin A, Lobi na biye, Enyimba ta Aba ta shigo a ta uku. A rukunin B Akwa United ce a gaba, sai Kano Pillars, sai Ifeanyi Ubah. Da aka isa Legas aka share duk makin da aka tara wata da watanni, kowa ya koma sifili.

Me ya faru? Enyimba da ta shigo ta ƙofar baya ta ci wasa huɗu cikin biyar, maki 12, ta ɗauki kambunta na takwas ranar 12 ga Yuni bayan ta lallasa Akwa United da ci 3 da nema. Rangers da ta ja rukuninta ta ƙare ta uku. Akwa da ta ja nata rukunin ko ukun farko ba ta shiga ba. Mai horar da Enyimba a lokacin kuma Usman Abd'Allah ne, ɗan Kano, abin da ya ƙara wa mutanen Kano zafin abin.

Labarin Pillars a wannan gasar shi ne ya fi dacewa yaranmu su ji. Sai Masu Gida ba su yi rashin nasara ko sau ɗaya ba a wasanni biyar ɗin nan. Su kaɗai ne ma suka doke Enyimba, 2 da nema. Amma sun yi canjaras biyu, ɗaya da Akwa, ɗaya da Rangers, suka tashi da maki 11. A wasan Rangers ɗin suna gaba da ci ɗaya har daf da tashi aka farke. Ku yi lissafi da kanku: da sun riƙe wannan ƙwallo ɗaya na 'yan mintuna, maki 13 ke nan, kofi ya tafi Kano. Abin da ya biyo baya kuma kowa ya gani a talabijin, magoya baya suka faɗa fili, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Ƙungiyar da ba a doke ta ba ta zo ta biyu, wadda ta doke ta ɗauki kofi. Ba wanda ya ce an yi maguɗin lissafi, don haka dokar ta ce tun farko.

A 2023 aka sake. Ƙungiya 20, rukuni biyu, Super Six a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan a Legas. Mu 'yan nan ba mu da wakili a wannan shekarar, don Pillars da Katsina United duka sun faɗa ƙaramar gasa a 2022, suna can suna fafutukar dawowa (kuma Allah Ya taimake su suka dawo tare a 2023 ɗin). Tauraruwar kakar ita ce Bendel Insurance ta Benin, wadda ta hauro daga ƙasa a shekarar, ta buga wasa 18 na rukuni ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta ƙare a saman rukunin A da Enyimba da Remo Stars a bayanta. Da aka je Legas, can aka fara doke ta, kuma ba ta shiga ukun farko ba. Enyimba ƙarƙashin Finidi George ta sake ɗauka, na tara, da bambancin ƙwallaye kawai tsakaninta da Remo. Rivers United da ta ja rukunin B ta ƙare ta uku. Kun ga sau biyu ke nan ana Super Six, ƙungiya huɗu suka ja rukuni, babu ɗaya da ta ɗauki kambu.

To me ke jawo haka? Ni dai ga abin da na fahimta, kuma ina maraba da gyara.

Babban dalili a ƙasar nan shi ne gida. Duk wanda ya san gasar Firimiyar Najeriya ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai. Tafiyar mota ta yini guda ko biyu, masauki marar daɗi, 'yan kallo a kanka, wani lokacin ma alƙalin wasa yana kallon ƙofar fita kafin ya busa usur. Pillars ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a Kano a gasar ba, daga 2003 har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihin a 2015. A cikin shekarun nan ne ta ɗauki kambunanta huɗu: 2008, 2012, 2013, 2014. Ba ina rage mata daraja ba ne, wallahi ƙungiya ce ta gaske. Amma tebur a wurinmu yana auna abu biyu a haɗe, iya ƙwallo da ƙarfin gida. Idan aka kwashe kowa aka kai filin da ba na kowa ba, ɗaya daga cikin biyun ya tafi. Kada a ruwa ba ɗaya yake da kada a tudu ba.

Sai kuma ƙarancin wasanni. A wasa 38, ko 22, ko 18, idan ƙwallo ta bugi turke ta dawo yau, gobe za ta bugi turke ta shiga, abin yana daidaita kansa. A wasa biyar cikin kwana tara babu gobe. Jan kati ɗaya, zazzaɓin mai tsaron gida, fenareti ɗaya, shi ke nan kaka ta tafi. Bendel ta gina tarihinta ne a kan tsaron baya da yawan canjaras, kuma a doguwar tafiya maki ɗaya-ɗaya yana taruwa ya zama tudu. A gajeriyar gasa wanda bai ci wasa ba ba ya zuwa ko'ina. Ga kuma gajiya: wasa duk bayan kwana biyu yana buƙatar benci mai nauyi, kuma ƙungiya irin Enyimba da ta saba yawon Afirka, wadda ta ɗauki kofin zakarun nahiyar a 2003 da 2004, ta fi kowa sanin yadda ake zama a otal ɗaya mako biyu ana buga wasan mutuwa ko rayuwa.

Ita kanta Pillars ta ɗanɗana wannan a Afirka. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, ta kuma ja rukuninta. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Heartland, ƙungiyar da ta bari a baya a teburin gida na 2008, wadda kuma ta zo ta biyu a nata rukunin. Heartland ta ci gida da waje, jimilla 5 da nema. Sannan ga wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci 3 da nema, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma cinye a bugun fenareti. Na kalli wannan a gidan kallo a Funtuwa, har yau ina tuna yadda wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Shekara ta zagayo, 2019, wata ɗaya da rabi bayan baƙin cikin Agege, suka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti a Kaduna suka ɗauki kofin, karon farko da ya zo Kano tun 1953. Bendel ma haka, kwana kaɗan bayan ta faɗi a Super Six ta doke Rangers 1 da nema ta ɗauki Kofin Tarayya na 2023. 'Yan wasan nan dai su ne, ba a canza su ba cikin mako biyu. Don haka idan wani ya ce muku wai ƙungiya kaza "ba ta da zuciyar wasan ƙarshe", ku tambaye shi wace shekara yake nufi.

Kada a ɗauka abin namu ne kaɗai. Wani abokin karatuna da ke zaune a Kanada ya ja hankalina kan hokin ƙanƙara, wanda su can ya fi musu ƙwallon ƙafa. Ba irin hokin da wasunmu suka gani a makarantun kwana ba, wannan a kan ƙanƙara ake yi da takalmi mai kaifi. A babbar gasarsu ta NHL, ta Amurka da Kanada, kowace ƙungiya tana buga wasa 82, sannan 16 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai. Zagaye huɗu ake yi kafin a ɗauki kofin Stanley. Wato sun ba wa mai ƙarfi dama har bakwai ya nuna ƙarfinsa, ba irin tamu ta wasa ɗaya ba. Duk da haka, tun 1986 da suka fara ba wa wanda ya fi maki wani kofi na daban mai suna Presidents' Trophy, har zuwa 2024 sau takwas kacal wanda ya karɓe shi ya haɗa da kofin Stanley, kuma na ƙarshe Chicago ce a 2013.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda shekarunsu suka zo daidai da namu. A 2019 Tampa Bay ta ci wasa 62 cikin 82, ta shiga zagayen farko, Columbus da ta shigo da ƙyar ta yi mata huɗu a jere ta kora ta gida. Wadda ta ɗauki kofin a shekarar, St. Louis, ita ce ta ƙarshe a duk gasar a farkon watan Janairu, kuma ta ɗauka ne ranar 12 ga Yuni, ranar da Enyimba ta ɗauki nata a Agege. A 2023, shekarar Bendel, Boston ta ci wasa 65 da maki 135, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. A zagayen farko tana gaban Florida da 3 da 1, saura ɗaya ta wuce, Florida ta ci uku a jere. Can babu maganar alƙali ya ji tsoro, babu motar da ta lalace a hanyar Lokoja, albashi yana shiga kan lokaci. Tsarin ne da kansa yake haifar da haka.

To idan haka ne, me ya sa ake yi? Su can kuɗi ne, wasannin ƙarshe su ke cika fili su kawo talla. Mu nan larura ce. A 2019 da 2023 an gajarta kaka ne don a kamo kalandar hukumar ƙwallon Afirka, kuma idan ka raba rukuni biyu dole ka haɗa su a wani wuri, don wanda ya ja rukunin A bai taɓa karawa da na B ba. Da aka koma cikakkiyar kaka ta wasa 38, Rangers ta ɗauka a 2024, Remo Stars a 2025, wato biyu daga cikin waɗanda gajeriyar gasa ta hana. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun ɗan yayana da abokansa, kuma ban ɓoye ta ba.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan a jikinmu. Mutum zai yi shekara uku yana zuwa ofis kafin kowa, fayil ba ya kwana a teburinsa, ranar jarrabawar ƙarin girma ya tashi da zazzaɓi, wanda ba a ganinsa sai ƙarshen wata ya wuce shi. Na taɓa zama a wancan ɓangaren, na san ɗacinsa. To amma na bar wannan.

Mu dawo Ketare. Me ya sa muka sa zagayen huɗun ƙarshe a takardar? Waɗanda suka halarci zaman za su tuna. Da can yaranmu suna zuwa har Faskari da Sabuwa su buga su dawo bayan magariba, ba wanda ya damu. Tun da al'amarin tsaro ya lalace, musamman bayan abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300, babu uban da zai bar ɗansa ya bi hanyar Sheme da yamma saboda ƙwallo. A wannan gasar ma, ƙungiyoyin ƙauyukan da ke gefen daji ba su karɓi baƙi a filinsu ba, su ne kullum suke shigowa, wani lokacin da 'yan wasa sha ɗaya cif babu canji, wani lokacin a makare don sai an ji labarin hanya kafin a taso. Ƙungiyar ɗan yayana kuwa kusan duk wasanninta a filin da take atisaye ta buga, gaban iyayenta da ƙannenta. Teburin namu bai auna kowa da mudu ɗaya ba. Mun san haka zai faru, shi ya sa muka ce a ƙarshe a haɗu wuri ɗaya, da rana tsaka, kowa da cikakkun mutanensa. Kyaftin ɗinsu ya sa hannu a kan haka lokacin da bai san a ina za su ƙare ba. Da sun zo na huɗu, da yanzu su ne ke riƙe da takardar suna nuna wa mutane.

Saboda haka ra'ayina shi ne a buga. Wanda ya ce a canza doka bayan an ga sakamako, gobe shi za a canza wa. Kuma ina faɗa wa yaran nan gaskiya, tarihin da na jero a sama ba ya tare da su, mai yiwuwa ne ƙwarai su faɗi a hannun ƙungiyar da suka ci a zagayen farko. In hakan ta faru ba zai zama an cuce su ba.

Amma su ma suna da haƙƙi, kuma kuskurenmu ne mu masu rubuta takardar da ba mu tanadar wa na ɗaya komai ba. Ga abin da nake ba da shawara. Na farko, a ba wa wanda ya ja tebur kyautarsa ta daban, a ba shi a gaban jama'a kafin a fara wasannin ƙarshe, kamar yadda masu hokin can suke yi. Wannan bai taɓa dokar ba, ƙari ne, kuma ni na ɗauki nauyin saitin riguna da ƙwallo biyu in sha Allahu. Na biyu, na ɗaya ya kara da na huɗu, na biyu da na uku, kada a jefa ƙuri'a kamar yadda na ji wasu suna cewa. Na uku kuma na baɗi ne, ba na bana ba: a duba yiwuwar a shiga zagayen ƙarshe da wani kaso na makin da aka tara. Beljiyam ta yi shekaru tana raba maki biyu kafin wasanninta na ƙarshe, ko da yake can ɗin ma bai hana Union Saint-Gilloise ta ja tebur a 2022 da 2024 Club Brugge ta ɗauke kambun ba. Aƙalla dai wahalar watanni ba ta tafi a banza gaba ɗaya.

Alƙalan wasa kuma a ɗauko su daga wajen garin, daga Malumfashi ko Funtuwa, kuma a tashi wasa kafin la'asar sakaliya don baƙinmu su isa gida da ido.

Na tura wa shugaban kwamitin wannan tun kafin in sa shi a nan, ya ce za su zauna ranar Laraba bayan azahar. Wanda yake da gyara a kan shekaru ko sakamakon da na kawo, musamman 'yan Pillars da na san ba sa barin ko-ta-kwana, ya rubuta a ƙasa zan gani. Ɗan yayana kuma har yanzu bai ɗaga wayata ba, mahaifiyarsa ta ce ya fita atisaye tun da asuba.